Ku Tambaye Mu: Wane Gam Ne Ke Riƙe Tagar Jirgin Ruwa Mai Filafilai?

Wasiƙun wannan fitowa duk kan abu guda suka taru: tagogin ɗakin ƙananan jiragen ruwa masu tafiya da iska, da irin gam ɗin da ya dace da su idan an tashi canza su. Mun taƙaita wasu tambayoyin saboda fili.

Assalamu alaikum. Ina kula da jirgin wani maigida a Legas, jirgin faiba ne (zaren gilashi da aka daskarar da gam) mai tsawon mita tara. Tagoginsa huɗu na roba ne masu duhu, ba su da firam, a jikin ɗakin aka manna su. Bara na cire su na sake mannawa da silikon na kasuwa, na matse su sosai har gam ɗin ya tsattsafo ta gefe. Damina ba ta yi rabi ba suka koma yoyo. Yanzu maigida ya ce a nemo gam mafi ƙarfi, wani kuma ya ce in sayi 3M 5200. Me kuka gani?

Wa alaikumus salam, Malam. Ka dakata da sayen 5200 tukuna. Gam ne mai kyau a wurin da aka yi shi dominsa, wato haɗa faiba da faiba ko faiba da katako a inda ba a sa ran rabuwa har abada, amma ba a yi shi don robar taga ba. Kuma ba rashin ƙarfin gam ne ya kawo maka yoyo ba. Matsewar da ka yi ce.

Robar taga, ko akirilik ce ko folikabonet, tana miƙewa idan ta ji zafi, ta takure idan ta huce. Kowace mita ɗaya tana ƙaruwa da kusan milimita 0.07 a kowane digiri ɗaya na ma'aunin Salshiyas. Taga mai duhu da ke kan digiri 25 da asuba tana iya kaiwa 70 da tsakar rana, domin duhun yana shan zafi. Bambancin digiri 45 ke nan, wato taga mai tsawon mita ɗaya ta ƙaru da milimita uku da ɗoriya. Faibar da ke ƙarƙashinta fara ce, ba ta ɗaukar zafi haka, kuma miƙewarta ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na ta robar ba. Saboda haka kullum ta Allah kowane gefen tagar yana zamewa a kan jikin jirgin da fiye da milimita ɗaya, ya je ya dawo. Gam ɗin da ke tsakani shi ke ɗaukar wannan kai-kawo. Idan kaurinsa rabin milimita ne saboda an matse shi, ba shi da naman da zai miƙe da shi, dole ya yage ko ya saki gefe ɗaya. Idan kaurinsa milimita huɗu ne, zamewar milimita ɗaya ba ta dame shi ba. Ɗan guntun danƙo in ka ja shi kaɗan sai ya tsinke, dogo kuwa ko a jikinsa.

Abu na biyu, wane silikon ka sa? Idan yana warin ruwan tsami lokacin da ake matsa shi, irin na banɗaki da kicin ne, wanda ke fitar da asid yayin bushewa. Ba ya kama roba da kyau, yana kuma cin ƙarfe.

Hanyoyin da suka tabbata guda biyu ne. Ta farko ita ce Sikaflex-295 UV, gam na foliyuretan da aka yi musamman don tagogin roba a jirgin ruwa. Yana da ƙarfi, amma yana da sharuɗɗa: sai da firaimarsa, wato ruwan da ake fara shafawa don gam ya kama, a jikin robar da jikin faibar, kuma sai an kare layin mannin daga hasken rana. Rana tana ratsa robar ta kai ga fuskar da gam ya kama, sannu a hankali ta kashe kamun. Baƙar firaimar kaɗai ba ta isa kariya ba, sai an yi wa bakin tagar zagayen fenti marar ratsa haske ta waje, ko an rufe shi da wani ƙyalle na ƙarfe ko roba. Ta biyu ita ce Dowsil 795, wanda aka fi sani da Dow 795, silikon na gine-gine da ba ya fitar da asid. Rana ba ta cin sa, yana jure miƙewa da takurewa har kashi 50 cikin ɗari, kuma galibi ba ya buƙatar firaima a kan roba da faiba masu tsabta. Aibinsa jinkiri: yana ɗaukar kwana 7 zuwa 14 kafin ya bushe har ciki, kamunsa kuma ba ya cika sai kwana 14 zuwa 21.

A jirginka mun fi karkata ga Dow 795, saboda ka riga ka shafa silikon a wurin. Silikon yana barin wani maiƙo da ido ba ya gani, kuma foliyuretan ba ya kama inda maiƙon ya taɓa, komai ƙanƙantarsa. Ko da 795 ɗin ma sai ka kankare tsohon tas. Ga gwaji mai sauƙi: bayan ka goge, fesa ruwa a wurin. Idan ruwan ya shimfiɗu, wuri ya yi. Idan ya dunƙule ɗigo-ɗigo, da sauran silikon, ka koma gugar.

Malam, akirilik ko folikabonet, wanne zan saya? Mai shago ya ce folikabonet ba ya fashewa ko da guduma.

Gaskiya ya faɗa game da guduma, amma taga ba guduma kaɗai take fuskanta ba. Folikabonet, irin su Lexan da Makrolon, yana saurin karcewa, yana komawa rawaya a rana idan ba mai rufin kariya ba ne, kuma ya fi lanƙwasa idan igiyar ruwa ta doke shi, abin da ke ƙara wa gam wahala. Akirilik, irin su Perspex da Plexiglas, ya fi tauri, ya fi jure rana, kuma idan ya karce ana iya goge shi ya dawo. Ga tagogin ɗaki mun fi son akirilik, kuma a nemi wanda aka zuba a mazubi, domin wanda aka murzo ta inji ya fi saurin tsattsagewa idan an huda shi ko sinadari ya taɓa shi. Kada ka rage kauri ƙasa da na tagar da ka cire. A ƙananan jirage kaurin yakan kama daga milimita 8 zuwa 12, kuma mai niyyar shiga teku sosai ya duba ƙa'idar ISO 12216, wadda ta tanadi ƙarfin tagogi da ƙofofin ƙananan jirage. Idan jikin ɗakin yana da lanƙwasa, a auna ta. Akirilik da ba a gasa ba bai kamata a lanƙwasa shi fiye da da'irar da rabin faɗinta ya kai kaurinsa sau 330 ba, wato mita 3.3 ga mai milimita 10. Abin da ya fi haka sai an gasa shi a kan mazubi, in ba haka ba zai yi ta ƙoƙarin miƙewa har ya ɓalle ta kusurwa.

Ranku ya daɗe. Daga Port Sudan nake rubutowa. Na samu Sikaflex-295 UV, zan canza tagogi huɗu, kowace santimita 90 ne a tsawo, 25 a faɗi. Bututu nawa zan tanada, kuma yaya zan bi aikin? Zafin garinmu kun san shi.

Allah ya ba da sa'a. Mu fara da lissafi. Zagayen kowace taga mita 2.3 ne. Ka yi layin manni mai faɗin milimita 25 da kaurin milimita 4, wannan yana cin mililita 100 a kowace mita, wato 230. Sai cikon gefe na waje, wato gam ɗin da za a cike gibin da ke bakin tagar da shi, wanda zai ci kamar 110. Ka ƙara kashi ɗaya cikin biyar na abin da zai tafi a tef da tsumma, ka samu kusan mililita 400 a kowace taga. Bututu ɗaya mililita 300 ne, saboda haka tagogi huɗu za su ci shida. Ka sayi bakwai, don gam ya yanke maka a tsakiyar taga ya fi asarar bututu guda muni. Ka duba ranar lalacewa a gindin kowane bututu, ka ajiye su a wuri mai sanyi ƙasa da digiri 25. Bututun da ya kwana watanni a shago mai zafi yakan fara daskarewa daga ciki.

Wajen cire tsohuwar taga, ka zura siririyar waya mai ƙarfi tsakaninta da jikin jirgin, mutum ɗaya a ciki ɗaya a waje, ku yi ta ja kamar zarto. Kada ka ɓanɓara da sukudireba, za ka ɓalle farin saman faibar. Ka adana tsohuwar ta zama ma'aunin yankan sabuwa. Sabuwar kuma a goge bakinta da samfefa har ya yi sumul, a kashe kaifin kusurwoyi, domin tsagewa daga ƙananan tabon zarto take farawa. Takardar da ke rufe da robar ka bar ta a jiki, ka yanke daidai faɗin inda gam zai kama kawai, da wuƙa a hankali don kada ka zana robar.

Daga nan ka gwada tagar ba gam. Ka kafa ƙananan katakai biyu a ƙasa da tef ko ɗan gam mai zafi don su ɗauki nauyinta, ka zana iyakarta, ka kewaye da tef ciki da waje. Ka shirya yadda za ka tokare ta tun yanzu, ko da sanduna daga dogarin gefen jirgi, ko da igiya da jakunkunan yashi. Wanda ya bari sai gam na jiki sannan ya fara neman sanda ya makara.

Sai share fage. Faibar a goge ta da samfefa har sheƙin ya mutu, robar kuma da soson guga mai ɗan kaushi kaɗan, a share ƙura, a goge da ruwan sharewar da kamfanin ya tanada, tsumma mai tsabta, shafa ɗaya ta fuska ɗaya. Asiton da tina da fetur kada su kusanci robar, haka ma ruwan wanke gilashi mai amoniya. Suna sa ta yin ƙananan tsage masu kama da gizo-gizo, wani lokaci nan take, wani lokaci bayan makonni. Asiton a kan faiba ba laifi, amma a bar shi ya tashi sarai. Firaimar robar ita ce Sika Primer-209 D: a girgiza gwangwanin sosai har a ji ƙwallon ciki yana kaɗawa, a shafa sau ɗaya siriri, a bar ta aƙalla minti 30, kada kuma ta wuce awa 24 kafin a sa gam. Ta faibar ka bi takardar da ta zo da kayan. Firaimar da aka buɗe ta daɗe, ta yi kauri, a zubar.

Yanzu abin da ya fi kome: 'yan tazara. Ka yanka ƙananan guntayen roba mai laushi masu kaurin milimita 4, ka ɗora su a layin mannin, tsakanin kowane biyu kamar santimita 20 zuwa 25, can tsakiya inda gam zai binne su. Su ne za su hana tagar matse gam ɗin. Kada su zama ƙarfe ko katako ko roba mai tauri, domin abu mai tauri yana tara nauyi wuri guda.

Ka yanka bakin bututun da siffar V don gam ya fito da tsini, tsayinsa ya kusan ninka kaurin da kake so. Tsinin ne ke fara taɓa robar, ya bazu ya kore iska waje. Layin ya zagaye ba yankewa, mahaɗarsa ta kasance a ƙasa. Ka ɗora tagar cikin minti 20, ka danna har ta zauna kan 'yan tazarar, ka tsaya nan. A digiri 23 gam ɗin yana yin fata cikin kamar awa ɗaya, amma a zafinku da danshin Bahar Maliya zai riga haka nesa ba kusa ba, kuma gam da ya yi fata ba ya kamawa. Iyakar zafin da aka yarda a yi aiki da shi digiri 35 ne, kuma zafin jikin jirgin ake nufi. Saboda haka ka kafa rumfa, ka fara da sassafe bayan raɓa ta bushe, taga ɗaya a lokaci guda. Akwai wata fa'ida a nan: tagar da aka manna tana da zafin rana a miƙe take, da ta huce sai ta yi ta jan gam ɗin tun bai yi ƙarfi ba.

Cikon gefe ka bar shi sai washegari. Foliyuretan da danshin iska yake bushewa, daga waje zuwa ciki, 'yan milimita kaɗan a yini. Idan ka toshe gefen nan take ka hana iska kaiwa ga na ciki. Bayan ka cika ka lallaɓe da yatsa cikin safar hannu, ka cire tef tun gam na ɗanye. Kada ka jiƙa yatsa da sifirit, barasa tana hana foliyuretan bushewa, sai ya zauna yana danƙo har abada. Tokaran su yi kwana uku, taga mai lanƙwasa mako guda, jirgin kuma kada ya fita ruwa kafin mako. Ka sa safar hannu ka buɗe ƙofofi, gam ɗin da firaimarsa suna da sinadarin da ke cutar da huhu da fata. A ƙarshe kada ka manta zagayen fentin kariya daga rana, ya rufe layin gam ɗin ya ɗan wuce shi ta ciki, domin rana tana shiga a karkace.

Tagoginmu da sukuru aka ɗaure su, kowane rami kuma ya tsage kamar tauraro. In sake hudawa ko in bar sukuru gaba ɗaya?

Tsagewar daga abu biyu ta zo: ramin da ya yi daidai da sukurun, da kan sukuru mai tsini da ake nutsarwa cikin robar. Robar tana son zamewa, sukurun ya hana ta, kan mai tsini kuma yana buɗa ramin duk lokacin da aka ƙara ɗaurewa.

Idan tagar a miƙe take ko lanƙwasarta kaɗan ce, kuma akwai aƙalla santimita uku na faiba da za ta hau a kowane gefe, ka bar sukuru. Ka cike tsofaffin ramukan jikin jirgin da gam ɗin efoksi mai kauri, ka goge su daidai. Mutane da yawa yanzu suna haɗa tef ɗin 3M VHB mai manni ta fuska biyu da Dow 795, kuma haɗi ne mai kyau: tef ɗin yana kamawa nan take, ya zama shi ne ɗan tazara, silikon kuma ya toshe ruwa. Ka nemi mai lamba 4991, kaurinsa milimita 2.3. Mai lamba 5952 milimita 1.1 ne, ya yi siriri ga doguwar taga, domin ƙa'idar tef ɗin ita ce yana jure zamewar da ta kai kaurinsa sau uku. A goge wurin da sifirit na aisofurofil da ruwa rabi da rabi, a ɗora tef a gefen ciki kusa da bakin ramin tagar, a bar fili ta waje don silikon. Tef ɗin da danna yake kamawa, sai an murza shi da ƙarfi ko'ina. Yana samun rabin ƙarfinsa cikin minti 20, kashi 90 a awa 24, ya cika a awa 72. Amma da zarar ya taɓa ya taɓa, ba gyara, shi ya sa katakan tallafi da gwajin farko suka zama dole. Idan ka yi fenti a bayan robar don ɓoye tef, ka sani cewa tef ɗin fentin ya kama, ƙarfin tagarka ya koma ƙarfin fentin.

Idan dole sai sukuru, ramin robar ya fi sukurun faɗi da milimita biyu zuwa uku, ya yi nesa da baki da aƙalla faɗinsa sau uku. A dakushe kaifin bakin huda don ya kankare maimakon ya cafka, a sa katako a baya, a tafi a hankali. Sukurun ya zama na ƙarfe marar tsatsa mai lamba 316, mai shimfiɗaɗɗen ƙarƙashin kai, da wosha da roba, a ɗaure da hannu har ya zauna kawai.

Nawa tagogin gilashi ne cikin firam na alminiyam. Ruwa yana bi ta bayan firam ɗin. Shi ma 795 zan sa?

A'a, Alhaji, naka ya fi sauƙi. Inda sukuru ko noti ke riƙe da firam, aikin abin da ke tsakani toshe ruwa ne kawai, kuma ba abin da ya kai tef ɗin butil, wata roba mai laushi da danƙo. Ba ya bushewa, yana nan da danƙonsa shekaru, kuma ranar da ka so cire firam ɗin zai fito ba tare da ka lanƙwasa shi ba. Ka shimfiɗa shi a bayan firam, ka naɗa ɗan kaɗan a wuyan kowane sukuru, ka ɗan faɗaɗa bakin kowane rami a faibar don butil ya taru a nan ya zama zobe. Ka ɗaure kaɗan-kaɗan cikin kwana biyu ko uku, domin a hankali yake bajewa, sannan ka yanke abin da ya fito. Idan noti ne, a riƙe kan sukurun a juya notin ta ciki don kada zoben ya murɗe. Sukurun ƙarfe marar tsatsa a cikin alminiyam, ga ruwan gishiri, yana cin alminiyam ɗin har ya zama farin gari, saboda haka a shafa man kariya irin su Tef-Gel ko Duralac a zaren sukurun. Butil ba gam ba ne, kada kowa ya dogara da shi a taga marar firam. Dizal da fetur kuma suna narkar da shi.

Kafin ka mayar da firam, ka tsokani bakin ramin tagar. Jirage da yawa suna da katakon balsa ko falawud tsakanin faiba biyu. Idan ya jiƙe ko ya yi baƙi, ka ƙwaƙule ruɓaɓɓen, ka bar wurin ya bushe sarai, ka cike da efoksi. Ka kuma tabbatar ta ina ruwan ke shiga: mutum ɗaya a ciki, ɗaya da tiyo a waje, a fara daga ƙasa a hau sama a hankali. Sau da yawa yoyon daga robar da ke tsakanin gilashi da firam yake, ko daga wani marikin hannu da ke saman ɗaki, ruwan ya gangaro ta cikin rufi ya fito a taga.

Gam ɗin da masu sa gilashin mota ke amfani da shi ya fi sauƙin samu da araha. Ba zai yi ba? Akwai kuma wani na foliso'fayid da ake toshe katakon bene da shi.

Na mota an yi shi ne don gilashi, wanda miƙewarsa ba ta kai kashi ɗaya cikin bakwai na ta akirilik ba, shi ya sa aka yi shi da tauri. Baƙin zagayen da kake gani a bakin gilashin mota kuma gasasshen fenti ne da ke kare gam ɗin daga rana. A kan roba ba ka da wannan zagaye, gam ɗin kuma ba zai bi motsinta ba. Idan tagarka gilashi ce ta gaske mai irin wannan baƙin zagaye, akwai Sikaflex-296 da aka yi dominta. Na foliso'fayid kuwa ya tsaya a katako da ƙarfe, sinadaransa suna cin akirilik da folikabonet. Duk gam ɗin da ka samu a kasuwa wanda takardarsa ba ta ambaci robar tagarka ba, ka gwada shi a kan ragowar yankan: ka shirya guntun kamar yadda za ka shirya tagar, ka matsa layi ɗaya, ka bar shi mako biyu a rana, sannan ka yanki bakinsa ka ja da filaya. Idan gam ɗin ya yage ya bar namansa a jikin robar, ya kama. Idan ya ɗago ya bar robar fes, ko ka ga ƙananan tsage a ƙarƙashinsa, kada ya hau jirginka.